Buta a Gindin Firinta

Aikin nan wahala ne, kuma ba wanda ya taɓa yarda da ni in na faɗa. Shekarata ashirin da wani abu a bakin injin kwafi a garin Gaya. Idona ya rage gani saboda hasken nan da ke bi ta ƙarƙashin gilashi, bayana yana ciwo, garin tawadar injin da ake kira tona kuwa Allah kaɗai ya san yawan wanda na shaƙa. Amma in yaran yanzu suka leƙo shagona sai su ce ai Baba Sabo ya samu sana'ar hutu, yana zaune a inuwa yana danna maɓalli. To maɓalli kowa ya iya danna shi, ko akuya ce ta taka shi zai yi aiki. Na ga kwanan nan ku uku kun buɗe shaguna a kan hanyar Ajingi, kowa da injinsa mai walƙiya, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ni komai. Ban ce dole ne ba. Zan dai faɗa muku yadda na zaɓar wa wani ƙaramin ofis inji, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.

A aji huɗu na firamare na tsaya. Mahaifina manomi ne a Balan, da ya ga ba ni da ƙarfin fartanya sai ya kai ni Wudil wurin wani Malam Ilu mai tafireta, wanda ke zama a rumfa kusa da kotu yana buga wa mutane wasiƙa da takardar ƙara da ta cinikin gona. Shekara guda cur ban taɓa tafiretar nan ba sai don in goge ta. Aikina in jera takarda, in sa kabon a tsakani, in kuma tsame haruffan da suka toshe da allura. In na juya kabon ɗin baibai, rubutu ya fito a bayan takarda, Malam Ilu ba ya duka. Sai ya miƙo min ita ya ce in je in karanta wa mai ita a haka.

Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi. Duk wanda ya zo, kafin ya tambaye shi me za a rubuta, sai ya tambaye shi ina zai kai takardar, kuma a ina zai ajiye ta. In mutum ya ce a akwati za ta zauna, sai ya ɗauko ta yau da kullum. In ya ce da ita zai riƙa yawo a aljihu, sai ya ɗauko mai kauri, ya sa sabon kirtanin tawada, ya riƙa dukan haruffa da ƙarfi har teburin yana motsi. Ni a lokacin na ɗauka son jin gulma ne irin na tsofaffi. Sai da na kai shekara arba'in a duniya na gane abin da yake yi, kuma ban gane da arha ba.

Injina na farko da na buɗe shago da shi a Gaya na hannu ne, ƙato, mutum huɗu suka sauke shi daga mota. Kwafi kawai ya iya. Kayan aikina a lokacin su ne kayan aikina har yau: sukuddireba biyu, tsumma mai laushi da ba a goge komai da shi sai gilashi, tsohon buroshin haƙori, da ɗan madubi na mata da nake leƙa cikin inji da shi in takarda ta maƙale. Da damina takarda tana shan sanyi ta yi laushi, inji ya riƙa tauna ta, sai in shanya rim guda, wato ƙunshin takarda ɗari biyar, a rana kamar barkono kafin in fara aiki. Zanzaro ya taɓa yi min gida a ciki, sai da na kwana uku ina neman abin da ke zana layi a kan kwafin mutane. Ba wanda ya koya min waɗannan, injin ne ya koya min.

Wata tsohuwa daga Gafasa ta taɓa kawo min takardar gonar mijinta da ya rasu, a naɗe cikin tsumma uku. Da ajami aka rubuta ta, ta yi launin ƙasa, duk inda aka ninke ta ya kusa rabewa. A lokacin na riga na sauya inji, na samu mai baki a sama, wanda za ka jera masa takardu ya riƙa zuƙe su ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin makaranta da ke jiran layi ya ce in sa ta a nan mana a yi sauri. Da na sa ta a nan da gutsattsari za su fito. Na buɗe murfi, na kwantar da ita a kan gilashi da tafin hannu biyu, na yi mata kwafi uku. Ku riƙe wannan, irin takardun da ke zuwa mana a ƙasar nan ba irin na banki ba ne. Rabinsu sun sha gumi, wasu sun sha man gyaɗa, wasu sun girme ku.

Yanzu shekarar da ta ɓaci. Lokacin an fara yayin firinta mai launi, 'yar ƙarama, mara nauyi, mai tawadar ruwa. Na sayi ɗaya don hoton fasfo da katin biki, kuma ta yi min kyau. Sai ƙungiyar manoma ta Ajingi ta kawo min aiki. Za a kawo musu taki daga birni, kowane manomi sai ya nuna 'yar takarda mai sunansa da lambarsa kafin a ba shi. Babban injina ya lalace a makon, ina jiran a kawo min wani ƙarfe daga Kano. Maimakon in ce su jira ko su je Wudil, sai na buga musu duka da 'yar ƙaramar nan. Rubutu ya fito tas, har da ado na shuɗi a gefe. Ban tambayi kowa ina zai ajiye tasa ba.

Manomi a hula yake ajiye takarda. Ya ninke ta huɗu, ya cusa a cikin hula, ya ɗora a kai, ya kama hanya. Kowa ya san wannan, ni ma na sani, ubana haka yake yi. Ranar rabon taki aka tashi da hadari, mutanen Toranke da na Gafasa suka taho a ƙafa da kan babur ruwa yana dukansu, suka tsaya a layi ruwa yana dukansu. Da aka zo kansu, kowa ya cire hula, sai takarda ta fito ba suna ba lamba, sai wani shuɗi-shuɗi kamar an tsoma ta a rini. Waɗanda suka kawo takin baƙi ne, ba su san kowa ba. Suka ce su takarda aka ce su duba, ba fuska ba. Waɗanda suka sa tasu a leda suka samu, sauran aka ce su jira zagaye na biyu. Zagaye na biyu bai zo ba sai da gero ya fitar da kai.

Bayan kwana biyu wani dattijo daga Toranke, Baba Mati, ya shigo shagona. Ban san shi ba a lokacin. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai zauna ba. Ya cire hularsa, ya zaro takardar, ya shimfiɗa a kan teburina, ya goge ta da gefen hannu. Ya ce mutanen motar sun gaya masa ba su san ko shi wane ne ba, alhali shekara saba'in yana noma gona ɗaya. Sannan ya ce:

"Ɗan nan, ashe rubutun sha ka ba mu. Da ka faɗa, ai da mun wanke mun shanye tun a gida, mun huta da tafiya."

Akwai mutane a shagon, suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya mayar da hularsa ya fita, ya bar min takardar. Kafin Juma'a ta zagayo sunana ya koma Sabo mai rubutun sha, daga Gaya har Ajingi. Ƙungiyar ba ta sake kawo min aiki ba, makarantu biyu suka janye nasu, mutum sai ya wuce ƙofata ya hau mota zuwa Wudil don kwafin takarda ɗaya. Shekarar nan da kwafin katin asibiti da hoton fasfo na ci abinci. Gonar Baba Mati kuwa an ce min abin da ya samu bai kai shi rani ba, sai da ya sayar da tumakinsa. Takardar tana nan a durowata har yau.

Tun daga nan ba na sallamar aikin da zai shiga ƙauye sai na diga masa ruwa na gani. Butar alwalata da ke bakin ƙofa ta zama cikin kayan aiki. Mutane suka dawo a hankali, amma sunan bai tafi ba. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin da shi suke kwatancen shagona.

Bara, ana daf da faɗuwar damina, wani saurayi ya tsayar da babur a ƙofata. Ya ce sunansa Nazifi, shi ne sabon sakataren ƙungiyar manoman Ajingi, ya yi difloma a kwamfuta. Ƙungiya ta gaji da kai aiki waje, ta tara abin da za ta sayi injinta, wanda zai yi kwafi, ya buga daga kwamfuta, ya kuma ɗauki hoton takarda ya ajiye a ciki, duk shi kaɗai. Kwamiti ya ce sai an je da ni Kano in zaɓa. Na ce ya dai duba, ko shagon ya ɓace masa. Ya sosa kai ya ce gaskiya shi ma da aka ambaci sunana a taro an yi dariya, wani ya ce mai rubutun sha kuma. Amma akwai wani tsoho a kwamitin, Baba Mati, shi ya kafe. Na ce me ya ce. Nazifi ya ce cewa ya yi duk ƙasar nan ni kaɗai na san yadda takarda ke mutuwa, don haka ni za a tura.

Na ce ba na zuwa Kano sai na ga ofishin. Nazifi ya ce ai ɗaki ne kawai, me zan gani. Na ce ɗakin zan gani. Muka je. Ɗaki ɗaya ne, tebur ɗaya, benci biyu, kabad mai ƙafa uku da bulo. Wayar wutar gwamnati ta shigo amma ya ce rabon da su ga wuta a cikinta ya manta. Abin da suke da shi sola ce, faifai biyu a rufi, batir ɗaya, da 'yar inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da ke ɗaukar kwamfuta da fanka da cajin wayar 'yan kwamiti. Na tambaye shi aikin da ya fi yawa. Ya ce katin taki da na iri, sai wasiƙu jefi-jefi, sai kwafin takardun gona in an samu rigimar iyaka. Ya fito da wayarsa ya nuna min hoton injin da yake so, fari, mai allo a gaba kamar talabijin.

"Baba Sabo, wannan ko kana gida za ka iya tura masa aiki ta waya."

Na ce masa mutumin Toranke ba ta waya zai karɓi taki ba, da hula zai karɓa.

Ranar da za mu tafi na zo tasha da buta a cikin buhu. Nazifi ya kalle ta ya ce ai akwai masallatai a Kano. Na ce na sani. Muka bi ta Wudil muka shiga birni da hantsi, ya kai ni wani babban shago mai gilashi da sanyi a ciki. Mai shagon saurayi ne mai zaƙin baki. Da muka shiga Alhaji yake kirana. Da na fito da buta sai na koma Malam. Kafin mu fita na zama bawan Allah.

Na ce Nazifi ya rubuta suna ɗaya da lamba ɗaya a kwamfutarsa, a buga min shi a inji uku. Mai shago ya ce ba a gwada sabon kaya. Na ce to a gwada waɗanda ke kan tebur na nuni, in ba haka ba akwai shago a gaba. Aka buga. Na bar takardun suka sha iska kamar tsawon lokacin da mutum zai yi alwala, na ninke kowacce huɗu, na fita bakin kwata na tsuguna na zuba musu ruwa. 'Yan dako suka taru suna kallo, wani yana tambaya ko magani nake haɗawa.

Takardar farin injin nan mai allo da Nazifi yake so ce ta fara tafiya. Ina buɗe ta sunan ya zubo a yatsuna. Na nuna masa hannuna. Bayan wannan kuma tawadarsa a wasu 'yan ƙananan gwangwanaye take, da sun ƙare sai a jefar a sayi wasu, kuma ba a samunsu sai a birni. Ke nan ana tsakiyar buga kati sai a tsaya a jira wanda zai je Kano.

Ta biyu daga injin tona ta fito, irin wanda na saba da shi. Ko gezau ba ta yi ba. Na murza ta da babban yatsa, takardar ta fara sulɓewa amma rubutun yana nan. In don ni ne da a nan na tsaya, don injin ya yi min, ga sauri ga ƙarfi, kuma na san cikinsa kamar aljihuna. Mai shago ya ga fuskata ya ce ai Malam ya san kaya. Na ce a jona min shi a 'yar inbata irin ta ofishinsu, na ga yana da ita a kan kanta. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya jona. Ana danna maɓalli inbatar ta yi ƙara ta ɗauke. Nazifi ya ce ko ta lalace ne. Na ce lafiyarta ƙalau. Tona gari ce, da zafi ake gasa ta a jikin takarda, shi ya sa ruwa ba ya cin ta. A cikin injin nan akwai abu kamar dutsen guga, kuma solarsu ba za ta ɗauki dutsen guga ba. Sai dai a sayi janareta, a riƙa neman mai duk lokacin da za a buga wasiƙa ɗaya. Na san ƙarshen irin wannan, na gani a ofisoshi da yawa: a lulluɓe inji da zane a ɗora masa fayil.

Na uku ba wanda ya kalle shi da muka shigo. Baƙi ne, gajere, da tankuna huɗu a gefe da ake ɗura musu tawada daga kwalba, baƙa da shuɗiya da ja da rawaya. Mai shago ya ce wannan ai na 'yan makaranta ne. Na buɗe takardarsa da ta jiƙe. Wani layin ado mai launi da Nazifi ya ƙara a sama ya narke, amma suna da lamba suna nan baƙi ƙirin. Na sake zuba ruwa, suna nan. Ashe baƙar tawadarsa daban ce da masu launin, tana kama takarda, su kuwa ba sa kamawa. Aka jona shi a inbata, ko fankar shagon ba ta girgiza ba. Na kira wani abokina mai sayar da takarda a Wudil na karanta masa lambar kwalbar, ya ce yana da ita a kanta, ko yaushe. Nazifi ya ce ba shi da bakin zuƙar takarda a sama, kuma ba shi da sauri. Na ce rashin bakin nan alheri ne, wata rana za ka yi gaggawa ka cusa masa takardar gonar wani. Saurin kuma ina za ku, ku da taki ke zuwa muku sau ɗaya a shekara.

Shi muka ɗauka. Duk hanya Nazifi yana riƙe da kwalin a cinya yana ɓata rai har muka wuce gadar Wudil.

Na haɗa musu shi da kaina. Na ɗura tawada, na ɗauki biro na yi ɗan zane a jikin kowane tanki daidai inda ta tsaya, ɗabi'ata ce don in san yadda inji ke sha. Na gaya wa Nazifi a gaban shugaban ƙungiya cewa suna da lamba da baƙi za a buga su, launi kuwa in yana son ado ya yi, amma kada a rataya komai a kansa. Ya ce ya ji. Na koma Gaya.

Ana jibi za a kawo taki na rufe shago bayan azahar na hau babur na tafi Ajingi. Ba wanda ya kira ni. Na tarar da kwamiti a cike, benci biyu ba wuri, Baba Mati yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa. Ya tsufa sosai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Katunan suna kan tebur an ɗaure su unguwa-unguwa, gobe za a raba wa masu su. Sun yi kyau, ba ƙarya. Takarda mai kauri, da hoton zangarniyar dawa kore shar a kusurwa, suna da lamba da baƙi kamar yadda na ce. Shugaba yana ta yaba wa Nazifi.

Na zari ɗaya na ce a ba ni buta. Wani ya ce haba Sabo, ba an gwada a Kano ba. Na ce wancan na Kano ne. Aka miƙo min. Na fita bakin ƙofa na zuba.

Sunan ya tafi. A gaban idona, a gaban kwamiti, ya zubo ta gefen katin ya diga a ƙasa.

'Yan kwamiti suka leƙo ta ƙofa. Sai wani daga benci na baya ya ce, ba da ƙarfi ba, ai ga shi nan, ya sake. Shugaba ya ce kuɗin mutane ne fa aka sayi abin nan da shi, kuma mota jibi za ta zo ko da kati ko babu. Nazifi ya ce wallahi baƙi ya zaɓa, kowa ya ga baƙi ne. Na dubi Baba Mati. Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar.

Na tsaya da katin a hannu ina kallon abin da ke zuba. Ba baƙi ba ne. Gefensa ja-ja ne, tsakiya shuɗi-shuɗi, can ƙasa wani kore. Baƙar tawada in za ta zuba ai baƙa za ta zuba. Na shiga na tsuguna a gefen injin na duba zanen birona. Shuɗiya ta sauka, ja ta sauka, rawaya ta sauka sosai. Baƙa tana nan daidai kan zane, ko ɗigo ba a taɓa ba.

Na ce Nazifi ya nuna min abin da ya danna kafin ya buga. Ya buɗe kwamfuta. Ni ba na karanta Turanci sosai, na ce ya fassara min layi-layi. Da ya zo wani wuri ya ce nan inji yana tambaya wace irin takarda ce, shi kuma ya zaɓi takardar hoto, don zangarniyar ta fito da kyau. Na ce to nan ne. In ka ce masa hoto ne, ba ya taɓa baƙar tawada, sai ya kwaɓa masu launin nan uku ya yi maka baƙi na ƙarya. Ido ba ya rabewa, ruwa ne ke rabewa. Na ce ya mayar da shi kan takardar yau da kullum ya buga min ɗaya.

Ya tambaye ni sunan wa zai buga. Baba Mati ya ce nasa.

Katin ya fito, zangarniyar ta ɗan dushe ba kamar da ba. Na miƙa hannu zan karɓa, Baba Mati ya riga ni. Ya riƙe shi a iska na ɗan lokaci, ya ninke shi huɗu, ya cusa a hularsa. Sannan ya riƙe hular kamar ƙwarya ya ce a zuba. Na zuba har ta cika tana tsiyaya ta ƙasa. Ya bar ta haka, yana kallon hanya, har wani ya fara tari. Sannan ya tsamo katin, ya buɗe shi a hankali a kan gwiwarsa. Shi ba ya karanta boko. Ya miƙa wa Nazifi.

"Karanta min, jikana."

Nazifi ya karanta: Mati Toranke, da lambarsa, ba harafin da ya ɓace. Zangarniyar ce kawai ta koma wani kore-kore a kusurwa.

"To har yanzu ni ne," in ji Baba Mati. Ya matse hular ya ɗora a kai a jiƙe. Ya juyo ya ce min, "Sabo, wannan kam ba ya shayuwa."

A nan aka yi dariya, har da shi wannan karon. Mutumin benci na baya ya ce shi dama bai ce komai ba.

Sauran aikin ba labari a cikinsa. Rana tana nan da sauranta, batir a cike. Nazifi yana bugawa, ni ina yanka, 'yan kwamiti suna ɗaurewa unguwa-unguwa. Injin ba shi da sauri, gaskiyar Nazifi ce, amma kafin a kira magariba mun gama. Duk ɗauri sai Nazifi ya zari ɗaya da kansa ya fita bakin ƙofa da buta, ba ni na sa shi ba. Da zan tafi ya riƙe min babur ya ce in ya samu matsala zai iya kirana. Na ce lambata tana jikin ƙofar shagona shekara goma, ba wanda ya hana shi.

Ku da kuka buɗe shaguna, ban ce ku sayi irin wannan injin ba. Wanda ke da wuta tsayayya ya sayi na tona, ya fi. Wanda aikinsa hoto ne ya nemi na hoto. Ni dai kafin ku je Kano ku je ku ga ɗakin, ku ga wutar, ku tambayi mai takarda inda zai sa ta.

Washegari da safe na biya kasuwa na sayi sabuwar buta, shuɗiya, da igiya kamu biyu. Na kai ta ofishin Ajingi na cika ta, na ɗaure ta a ƙafar teburin da injin yake, don kada wani ya ɗauke ta ya tafi alwala. Sannan na dawo Gaya na buɗe shago, na tarar da mutum biyu daga Toranke suna jirana a kan benci.